Zauren Tambaya: Kama Ɗaki a Babban Otal Ba Tare da Asarar Kuɗi Ba

Tun da amfanin gona ya shigo gida, riɗi da zoɓo da shinkafa suka fara fita kasuwa, tambayoyin da ke zuwa wannan shafi daga garuruwan Kano da Jigawa suka karkata wuri guda, wato masauki. Ga mai son kai mahaifiya Umra, ga mai harka a Abuja, ga mai aurar da 'ya yana jiran baƙi daga nesa. Mun taƙaita wasu wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne, ina kuma sayen riɗi a kasuwar Maigatari. Bana Allah Ya hore, ina so in kai mahaifiyata Umra tare da maiɗakina. Tsohuwa ta haura shekara 70, gwiwa tana damunta. Ejan ya ba ni farashi biyu, ya ce duka otal ɗin masu tauraro biyar ne kuma kusa da Harami, amma ɗaya ya fi ɗaya tsada nesa ba kusa ba. Wanne zan ɗauka?
— Wani ɗan kasuwa, Maigatari

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba Hajiya lafiyar yin ibada. Kada ka ɗauki ko ɗaya tukuna. "Tauraro biyar" da "kusa da Harami" magana ce marar awo, kamar a ce maka ga buhu ba a gaya maka tiya nawa ke ciki ba. Abin da kake saya wa Hajiya shi ne gajeriyar tafiya daga gadonta zuwa sahu, sau biyar a yini, kuma da wannan mudun za ka auna duk farashin da aka kawo maka.

Ka fara da suna. Ejan ya rubuto maka cikakken sunan otal, ba "Hasumiyar Agogo" kawai ba. A cikin rukunin gine-ginen nan na Abraj Al Bait, inda Hasumiyar Agogon take a Makka, da ke fuskantar Ƙofar Sarki Abdul'aziz akwai otal-otal da dama, irin su Fairmont, Raffles, Swissôtel, Pullman Zamzam, Mövenpick da Al Marwa Rayhaan, kowanne da farashinsa da hanyar fitarsa. Haka ma Jabal Umar da ke yamma da masallaci, inda Hilton, Conrad, Hyatt Regency da Marriott suke. Sunan wurin ma ya gaya maka dutse ne. Waɗanda ke gaba, a bakin titin Ibrahim Al-Khalil, tsallakawa kawai ake yi. Na baya kuwa sai an gangaro, a dawowa kuma a hau. In ka ga an rubuta sunan otal sannan aka ƙara da "ko makamancinsa", to nan ramin yake. Da wannan kalmar ake sauke mutum a wani gini can cikin unguwar Ajyad ko Misfala, in ya yi magana a nuna masa takardar da ya sa wa hannu. Ka sa a goge ta, ko a rubuta sunan otal na biyun ƙarara.

Sai batun nisa. In an ce maka mita 300, ka tambaya: daga ina zuwa ina? Sau da yawa daga ƙofar gini ne zuwa bakin harabar waje, ba zuwa inda mata ke sallah ba. Ka sa wani yaro ya buɗe maka Google Maps, ya zaɓi tafiyar ƙafa daga otal ɗin zuwa ƙofar masallaci mafi kusa, ka ga minti nawa ya nuna, sannan ka ninka shi biyu saboda takun tsohuwa.

Abin da taswira ba za ta nuna maka ba shi ne lifta, kuma a nan yawancin masu biyan kuɗi da yawa ke cizon yatsa. A dogayen benayen nan teburin karɓar baƙi ba a ƙasa yake ba. Za ka sauko daga ɗaki da lifta ɗaya, ka canja wata, ka ratsa cikin kantuna, sannan ka fito haraba. Da hantsi aikin minti 5 ne. Amma in ya rage rabin awa a kira Magariba, ko ranar Juma'a, lifta takan tsaya a hawanka sau uku sau huɗu a cike maƙil, ƙofa ta buɗe ka ga mutane kafaɗa da kafaɗa ta sake rufewa, balle kai da kake tura keken Hajiya kana buƙatar filin mutum uku. Saboda haka ka nemi ɗaki a hawa na ƙasa-ƙasa, kusa da lifta, ka kuma tambayi otal ɗin lifta nawa ake canjawa kafin a kai haraba. Abin daɗin, ɗakunan ƙasa sun fi na sama sauƙi.

Taga ita ce ta biyu wajen cin kuɗi. Ɗaki iri ɗaya, gado iri ɗaya, farashinsa hawa huɗu ne: mai kallon gari, mai kallon Harami, mai hango wani sashe na Ka'aba, da mai kallon Ka'aba sosai. Tsakanin na farko da na ƙarshe bambancin kan kai ɗaruruwan riyal a dare guda. Mai ƙafar da zai yini a masallaci bai da buƙatar wannan. Ga Hajiya kuwa lamarin daban ne. In kun san wasu sallolin a ɗaki za ta yi su, ganin Ɗakin Allah daga kan kujerarta abu ne da ba za ta manta ba. Shawararmu a raba: yawancin kwanaki a ɗaki mai kallon gari, dare ɗaya ko biyu na ƙarshe a koma mai kallon Ka'aba. Ka guji mai "wani sashe", domin sau da yawa sai ka manna goshi da gilashi ka karkace kafin ka hango. Otal-otal da dama a hasumiyar suna da ɗakin sallah mai lasifika daga Harami. Hukuncin bin liman daga can kuwa ka tambayi malaminka kafin ku tashi, malamai sun yi saɓani a kai.

Kun zama ku uku, ejan zai ce a ba ku ɗaki mai gado uku don ya fi araha. Mun san ba za ka iya kwana ɗaki ɗaya da mahaifiyarka da iyalinka ba, kunya ba za ta bari ba, kuma gado na ukun galibi ƙaramin gadon naɗewa ne da ake shigowa da shi. Ka nemi ɗaki biyu masu ƙofa a tsakani, ko kuwa Hajiya da surukarta su zauna a mai gado biyu a otal mai kyau, kai ka ɗauki mafi arahar ɗaki a ginin. Ka kuma rubuta musu cewa banɗakin Hajiya ya zama mai shawa a daɓe, ba mai dogon baho da sai an ɗaga ƙafa an tsallaka ba. Santsin tayil da gwiwar tsohuwa ba sa haɗuwa.

A Madina ka sassauta wa aljihunka. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, otal-otal sun kewaye masallacin, mai tauraro huɗu a layin gaba ya fi mai biyar a layi na uku amfani. Ka zaɓi ɓangaren arewa, inda ƙofofin mata suka fi kusa. In kuka sauka ta kudu, kai za ka ji daɗi, amma Hajiya za ta riƙa zagaye masallaci a cikin rana. Rarar da ka samu a Madina ka ƙara ta a kan ɗakin Makka, domin can ne wahala take: ɗawafi, ga sa'ayi da shi kaɗai ya kai kusan kilomita 3.

Tambaya: Salamu alaikum. Shekara uku ina adashi don in yi goman ƙarshe na azumi a Makka, a otal da zan iya zuwa tahajjudi da ƙafa. Kuɗin da aka faɗa min ya ninka abin da na tara. Akwai dabara, ko in haƙura?
— Wata malamar Islamiyya, Ringim

Amsa: Malama, Allah Ya cika miki buri. Gaskiyar magana, babu dabarar da za ta sa goman ƙarshe ya yi araha a gaban Harami. Shi ne ƙololuwar tsada a lokacin Umra, ɗakunan ba su ƙaru ba, masu nema kuwa duniya ce gaba ɗaya. Manyan otal-otal ma ba sa sayar da shi dare-dare. Dunƙule goman suke yi su sayar a haɗe, a biya tun da wuri, kuma ba a mayar da kuɗi.

Hanyoyi uku ne a gabanki. Ta farko, ki matsa baya. Falalar da ta zo a hadisi, cewa Umra a Ramadan tana daidai da Hajji, ba ta keɓanta da goman ƙarshe ba. Goman farko da na tsakiya sun fi sauƙi sosai, cunkoso ma da dama-dama, ga buɗe-baki a Harami ga tarawihi. Ta biyu, in zuciyarki na kan dararen wutiri, ki sauka nesa, kamar unguwar Aziziyya, a otal mai tsafta da ke da motar kai mutane. Amma ki san abin da kika saya: a waɗannan dararen ana rufe tituna, motar takan ajiye mutane nesa, bayan sallah kuma a yi dogon layi. Masu yin haka sukan shiga masallaci tun La'asar, ba sa fitowa sai bayan Asuba, ɗakin na barcin rana ne kawai. In jikinki zai ɗauka, wannan ce hanya mafi tsimi. Ta uku, ku haɗu ku huɗu mata a ɗaki ɗaya na kusa, ku raba kuɗin. Matsalarsa banɗaki guda ne, mutum huɗu kuma kowa na son alwala a lokaci ɗaya, don haka ku tsara wa ke fara shiga tun daren farko.

A kan abinci, a azumi ki tabbatar an rubuta ko sahur ne a cikin kuɗin, ko buɗe-baki, ko duka. Sahur ya fi amfani. Buɗe-baki a masallaci za ki yi da dabino da ruwan Zamzam, in kika fita neman abincin otal kin rasa wurinki a sahu.

Ga sauran masu karatu da ba azumi suke nufi ba: mafi sauƙin farashi shi ne Muharram da Safar, bayan alhazai sun watse, sai dai a 'yan shekarun nan watannin suna faɗowa cikin zafi mai tsanani. Farashi na tashi a Rabi'ul Awwal, musamman a Madina, ya sake tashi a hutun Disamba, daga Rajab kuma sai hawa har Sallah. Ko a cikin mako akwai bambanci. Tun 2013 hutun mako a Saudiyya Juma'a ne da Asabar, saboda haka daren Alhamis da na Juma'a sun fi tsada a Makka. Mai kwana biyar ya shiga Asabar ya fita Alhamis in Juma'ar za ta same shi a Madina.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne, ni nake taimaka wa kawuna da harkar waya. Na duba Booking.com, shafin dillancin ɗakunan otal a intanet, na ga otal ɗin da ejan ya faɗa mana yana da araha sosai a can. Shin ejan cutar mu yake yi? In kama da kaina?
— Wani malami, Bichi

Amsa: Malam, mai yiwuwa ne, mai yiwuwa kuma ba haka ba. Kafin ka zargi mutum ka tabbatar abu ɗaya kuke aunawa.

Lambar da ka fara gani a waya sau da yawa babu haraji a cikinta. A Saudiyya harajin VAT kashi 15 cikin 100 ne tun watan Yulin 2020, manyan otal-otal kuma ana ɗora musu kashi 5 na hukumar birni. Ɗakin da ka gani a riyal 1,000 zai tsaya maka a 1,200 da 'yan kai. Ka bi shafin har matakin ƙarshe, dab da biya, a nan jimillar gaskiya take fitowa. Sannan ka duba mutum nawa aka saka, domin shafin yakan fara da mutum biyu, in kun zama uku farashi ya canja. Ka duba taga. Ka duba abinci: RO na nufin ɗaki zalla, BB da karin kumallo, HB da karin kumallo da abincin dare, FB sau uku. Ga mafi yawan mutanenmu BB ya wadatar. Abincin dare na ɗebi-da-kanka yana da tsada, dattijo kuma bayan kwana biyu tuwo yake nema, wanda ba a rasa masu sayar da shi a unguwannin da 'yan ƙasarmu ke zaune. Ku tafi da garin kunu, akwai butar dafa ruwa a ɗaki.

Sai sharaɗin fasawa. Farashin da ya fi kowanne araha galibi shi ne wanda in ka biya ya shiga ke nan. Mu da biza kan makara, jirgi kan ɗaga kwana, wannan caca ce. Ka ɗauki wanda ake iya fasawa kyauta har zuwa wata rana, ka rubuta ranar da sa'ar a takarda, ka tuna Saudiyya ta riga mu da awa 2. Daga nan ka riƙa leƙawa duk mako. In farashi ya sauka, ka kama sabo, ka ga tabbacinsa ya shigo, sannan ka soke tsohon. Kada ka soke kafin ka kama.

Abin da ya sa ejan na gaskiya kan iya doke intanet shi ne sari yake yi: kamfanoni na kama ɗakuna da yawa tun farkon kaka su sayar da ɗai-ɗai. A lokacin cunkoso farashinsu yakan fi kyau, a lokacin da babu mutane kuwa intanet kan fi. Akwai kuma hanya ta uku da mutane ke mantawa, wato shafin otal ɗin kansa. Shafukan dillanci suna karɓar la'ada daga otal, don haka in ka aika wa otal ɗin imel ka ce ga abin da ka gani, sau da yawa sukan daidaita farashin ko su ƙara maka karin kumallo.

Hattara da abu uku. Na ɗaya, tun 2025 hukumomin Saudiyya sun ɗaure bizar Umra da masaukin da aka shigar a tsarin Nusuk, wato shafin ma'aikatar Hajji da Umra ta ƙasar, saboda haka kafin ka kama ɗaki da kanka ka tambayi mai yi muku biza ko zai iya haɗa shi da takardunku. Na biyu, katin naira yana da iyakar abin da zai iya kashewa a waje. Ka tambayi bankinku tun da wuri, in da asusun dala a yi amfani da katinsa. An ɗaure riyal da dala a kan 3.75, lissafin ba wuya. In na'urar biya ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, ka zaɓi riyal, domin canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi na banki tsada. Na uku, ɓarayi na aiko saƙo da sunan otal, su ce a sake shigar da lambar kati cikin awa 24 ko a soke ɗaki. Kada ka taɓa. Ka kira lambar da ke shafin otal ɗin.

In da ejan kuka tsaya, ya zama mai lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, a biya ta asusun kamfani ba na mutum ba. Takardar da ya buga da tambarin kamfaninsa ba shaida ba ce. Ka nemi lambar tabbaci ta otal ɗin kansa, ka kira su ko ka rubuta musu, su tabbatar maka akwai ɗaki da sunan kawu kamar yadda yake a fasfo, daga rana kaza zuwa rana kaza, kuma an biya. Ba a cinikin biri a sama.

Tambaya: Wani abokina ya ce yana kwana kyauta a otal da maki. Gaskiya ne?
— Wani mai sayar da taki, Gumel

Amsa: Gaskiya ne, Alhaji, amma sai mai yawan tafiya. Hilton Honors, Marriott Bonvoy da ALL na kamfanin Accor, wanda Fairmont, Swissôtel, Pullman da Mövenpick ke ƙarƙashinsa, tsare-tsare ne da kamfanonin otal ke ba baƙo maki a kan kwanakin da ya biya, ya tara ya biya ɗaki da shi, duk rajistarsu kuma kyauta ce. A Marriott, wanda ya biya dare huɗu da maki yana samun na biyar kyauta. Sai dai ba a ba da maki in ta hannun ejan ko shafin dillanci aka kama ɗakin, kuma makin na mutuwa in an daɗe ba a motsa shi ba: wata 24 a Hilton da Marriott, shekara guda a Accor. Mai fita sau ɗaya a shekara biyu ba zai tara abin kirki ba. Duk da haka ka yi rajistar, minti 5 ce, domin 'yan rajista na samun ɗan ragi nan take a shafin otal.

Tambaya: Ina da injin gyaran shinkafa, nakan je Abuja ganin masu saye. Na sauka a wani babban otal, aka ce min naira 200,000 a dare, da zan fita na ga kuɗin sun haura haka sosai. Ban da wannan, sun riƙe min wasu kuɗi a kati kusan mako biyu. Yaya zan kauce wa haka?
— Wani mai injin shinkafa, Kura

Amsa: Ranka ya daɗe, abu biyu ne suka same ka, kuma duka ana iya tare su tun a bakin ƙofa.

Farashin da aka faɗa maka tsurarsa ne. A Najeriya VAT kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, otal-otal da yawa na ƙara kuɗin hidima, wasu har kashi 10, a jihohi irin su Legas kuma akwai wani harajin kashi 5 na daban. In VAT da kuɗin hidima kashi 10 aka ɗora, 200,000 ta zama 235,000 kafin ka sha ko ruwa. Tambayar da za ka riƙa yi ita ce: "Duka-duka nawa zan biya, da haraji da hidima da karin kumallo?" A rubuto maka amsar ta imel ko WhatsApp. Sauran abin da ke kumbura takarda kuwa ƙananan abubuwa ne: lemo da gyaɗar da ke ƙaramin firij, waɗanda farashinsu ya ninka na kanti sau da yawa; wanki da guga, da ake lissafa babbar riga da 'yar ciki da wando kowanne daban; abincin da aka kawo ɗaki, da ake ɗora wa kuɗin kawowa; da motar otal zuwa filin jirgi, tafiyar kusan kilomita 40. Ka nemi takardar lissafinka tun daren da za ka wayi gari ka tafi, ka karanta ta layi-layi a zaune. Da safe, jirgi na jiranka, ba za ka tsaya gardama ba.

Kuɗin da aka riƙe kuwa ba cirewa aka yi ba, jingina ce saboda abin da baƙo zai iya ci ko ya ɓata. Otal ɗin na sakinta ranar fita, amma a katin ATM irin namu sai banki ya ga dama kafin ta dawo. Maganinsa, ka tambayi adadin tun kafin ka miƙa kati. In sun yarda ka ajiye tsabar kuɗi ka karɓi rasit, shi ya fi, domin a hannu za a mayar maka. In dole sai kati, ka ba da wanda ba kuɗin sayen shanshera ke cikinsa ba, ranar fita kuma ka karɓi takardar da ke nuna sun saki kuɗin, ita za ka kai wa bankinka in an wuce mako.

Don samun sauƙi: Abuja garin ofis ne, daga Litinin zuwa Alhamis otal-otal a cike suke, Juma'a zuwa Lahadi su yi sako-sako, da yawa kuma suna da farashin ƙarshen mako. In masu sayenka za su iya ganinka ranar Juma'a ko Asabar, ka ci riba. Tun da kuma kamfaninka na da rajista, ka rubuta wa sashen kasuwancin otal ɗin wasiƙa a takarda mai kan kamfani, ka faɗi kwana nawa kake yi a shekara, ka nemi farashin kamfani. Yaran da ke teburin karɓar baƙi ba su da ikon ragi mai yawa, manajan kasuwanci ne ke da shi.

Tambaya: Zan aurar da 'yata a watan Disamba. Dangin ango za su zo daga Legas da Damagaram, garinmu babu masaukin da ya dace da su. Ina so in kama musu ɗaki 12 a babban otal a Kano na kwana biyu.
— Wani uba, Ɗambatta

Amsa: Allah Ya sanya alheri, Baba, Ya ba su zaman lafiya. Ɗaki 12 sari ne, kada ka biya kuɗin ɗai-ɗai. Ka tura mutum biyu su zagaya otal uku ko huɗu a unguwar Nasarawa da kewayenta, su nemi manaja, su karɓo farashin rukuni a rubuce. Disamba lokacin biki ne, a yi wannan da wata biyu a gaba.

Gani ya kori ji. Kada su yarda da ɗakin da aka ware don nuna wa baƙi. Su ce a buɗe musu biyu daga cikin waɗanda za a ba ku. Su kunna na'urar sanyaya ɗaki su saurari ƙararta, su murɗa famfon ruwan zafi su jira ya zo, domin Disamba tsakiyar hunturu ne, baƙon Legas ba zai yafe wankan ruwan sanyi a Kano ba. Su tambaya ko janareta na aiki dare da rana ko akwai sa'o'in da ake kashe shi. Su kuma tambaya ko an ba da zauren taron otal ɗin haya a waɗannan dararen, in an bayar a nisanta ɗakunan dattawa da shi.

A yarjejeniyar a rubuta kafin alƙalami nawa ne, da ranar ƙarshe da za ka iya rage yawan ɗakuna ba tare da asara ba, don baƙin biki ba sa cika zuwa yadda aka lissafa. A rubuta kuma abin da ka ɗauka, ɗaki da karin kumallo, duk abin da ya wuce haka sai da sa hannun mutum ɗaya da ka wakilta. In ba haka ba, ranar Lahadi za a miƙo maka takardar gasasshen kifi da kaji na mutanen da ba ka ma san sun zo ba. Kwana uku kafin biki a kai musu jerin sunaye, wa ke ɗaki da wa, domin a miƙa wa kowa makullinsa ba tare da surukai sun tsaya layi ba.

Tambaya: Jirginmu daga Kano zai sauka Jidda da tsakar dare, mu isa Makka da Asuba. An ce ba za a ba mu ɗaki ba sai yamma. Haka ne?
— Wata Hajiya, Birnin Kudu

Amsa: Haka ne, Hajiya. Yawancin manyan otal-otal na Makka ƙarfe 4 na yamma suke ba da ɗaki, a fita ƙarfe 12 na rana, don a samu lokacin gyarawa. In babu cunkoso sukan taimaka su bayar da wuri, amma alfarma ce, ba hakki ba.

In kuna da ƙarfi, ku ajiye kaya a wurin masu kula da jakunkuna, ku karɓi 'yar takardar shaida, ku yi alwala, ku wuce ku yi Umrarku da sanyin safiya. Kafin ku gama ku huta, lokaci ya matso. In kuwa da tsoho ko ƙaramin yaro a tafiyar, ku biya daren da ya gabata, ɗaki na jiranku ko da ƙarfe 5 na asuba kuka iso. Amma dole a sanar da otal ɗin a rubuce cewa sai da safe za ku shigo, a ba su lambar jirgi da lokacin sauka. In ba a yi haka ba, na'urarsu za ta ɗauka ba ku zo ba, a ci kuɗin daren farko, wani lokaci a soke sauran kwanakin gaba ɗaya a sayar wa wani. Ki sa wanda ya kama muku ɗakin ya turo miki amsar da otal ɗin ya bayar, ki buga ta a takarda ki sa cikin jakar fasfo, saboda layin wayarki na gida ba lalle ya yi aiki ba a lokacin da kike tsaye a gaban teburinsu.